Kawiyar Baba da jitata

Baba ya faɗa tun ina ƙarama, a gaban kowa, cewa ba zai kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da jita ba. Shi kuwa mutum ne da in ya ce eh, eh ɗin ce. Duk da haka na sayo tawa a kasuwar tsofaffin kaya, jitar lantarki mai araha wadda iskar gishirin Jidda ta cinye wa tsirkiyoyi. Na naɗe ta cikin tsohuwar abaya, na cusa bayan kabad. Umma ta sani, ta ce ita ba ta gani ba.

A ɓoye na riƙa gyara ta. Na sauya tsirkiyoyi, na goge wuyanta har ya daina yankar yatsa, na shimfiɗe cikinta da takardar azurfar da Umma ke rufe shinkafa da ita, don ta rage gurnani. Saura maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, wanda na sayo sabo. Shi sai an liƙa wayoyinsa da dalma, kuma kawiya ɗaya ce a gidan, ƙarfen liƙin Baba. Da ita ya ciyar da mu yana gyaran rediyo a unguwar Hindawiyya, kafin hannunsa ya fara rawa. Ya bar aiki, amma kullum sai ya goge ta.

Baba ba ya fita sai Juma'a. Yana sa ƙafa waje na ɗauko kawiyar, na kunna turaren wuta don ya danne warin dalma.

Gidanmu tsohon gini ne mai wutar lantarki iri biyu, ƙarama da babba. Duk wanda ya tashi a unguwar ya san wannan, Baba ma ya ɗiga jan fenti a kan kowace soket ta babbar wuta. Ni da na girma ina ganin fentin nan, ranar nan sauri ya rufe min ido, na jona kawiyar ƙaramar wuta a soket mai jan fenti. Har daɗi na ji da kawiyar ta yi zafi nan da nan. Na liƙa waya ta farko, na liƙa ta biyu. Sai wani wari ya tashi wanda ba na dalma ba, ta yi ƙaf, ta mutu a hannuna.

Daga lasifikar masallaci ina jin liman ya sallame. Ga jita a buɗe a kan gado, ga waya ɗaya tana lilo. Na tsaya ina hura wa kawiyar iska kamar wata wawiya.

Ban ji shigowar Baba ba, sai tarinsa.

"Ya binti, 'yata, turare ba ya ɓoye wa mai gyara warin ƙonewa."

Ya karɓi kawiyar, ya shinshina, ya dubi jan fentin. Sannan ya dubi gadon, ya daɗe yana kallo. Na so ya yi faɗa, wallahi da ya fi min sauƙi.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Khalas, shi ke nan. Ta mutu." Ya nuna wayar da haɓa. "Ba a barin aiki a buɗe. Yalla, maza ɗauko jitar."

A kicin ya kunna gas, ya ɗora bakin kawiyar a kan harshen wuta har ya ɗauki zafi. Ya kai hannu wajen wayar, hannun ya ƙi tsayawa. Sai ya miƙo min.

"Ke ɗiga. Kaɗan, ba miya kike zubawa ba."

Na ɗiga, dalmar ta kwanta tana sheƙi. Ya ja wayar da farce, ta riƙe, ya gyaɗa kai. Zuciyata ta fara sanyi, na ɗauka an wuce wurin.

Bayan isha'i na gan shi a kan matakala da katifa a kafaɗa, zai hau saman bene ya kwana a waje. Lokacin zafi ne, irin wanda bango ma ke gumi, ga shi da ciwon ƙirji.

"Baba, ina za ka?"

"Kin sha wahala a kan jitar nan, ba zan jefar miki ba," in ji shi. "Amma maganata tana nan."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, ban san wanne ya fi ba. Na sha gabansa na sauke katifar, na shiga ɗaki na naɗe jitar cikin abayarta. Umma ta raka ni gidan gwaggona a unguwar Bani Malik. A can na fara jin sautinta, tas, babu gurnani ko kaɗan.

Na bar ta a can. Da na dawo na tarar Baba yana zaune a falo, yana goge kawiyar.