Sule Ba Leburan Kowa Ba Ne

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sule, maginin Zakka. Da ban je Katsina makon jiya ba, da addu'a kawai zan yi masa kamar kullum, ba sai na dami masu karatun jarida ba.

Shi da amininsa Audu na Yasore suka yi wa zaurukan ƙasar Safana da Batsari zane. Su suka fara ɗora siffar keke da agogo a bango da ɗanyar ƙasa, tsofaffi na cewa sun ɓata gini, su kuwa ko a jikinsu. Ƙa'idarsu ɗaya ce: in yau Sule ne a kan tsani, Audu ke kwaɓa ƙasa, gobe su sauya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji su.

Wani Bature ya taɓa ɗaukar hotunan aikinsu, su ne aka baje a wani ɗaki a birni don a nuna abotarsu. Na riƙo hannun Audu muka je, saboda idonsa ya yi rauni. Ga hoton nan, Audu a sama yana zane, Sule cikin taɓo har gwiwa, don ranar kwaɓinsa ce. Tafinta ya karanta mana rubutun da ke ƙasa: wai gwani Audu da amintaccen leburansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da Sule ne, dariya zai yi ya wuce, ni kuwa ban gaji haƙurinsa ba.

Baturen na wurin, sai na ce Audu ya nuna masa zanen da Sule ya yi shi kaɗai. Audu ya ce ai babu irin wannan zane, duk tare suka yi. Muka nemi a gyara, Baturen ya ce an riga an buga rubutu, ba a sakewa. Sai Audu ya lalubi hoton, ya cire shi daga bango, ya sa a hammata.

"Faɗa masa," ya ce da tafinta, "ko a rubuta gwanaye biyu, ko lebura biyu. In ba haka ba, hoton nan Yasore za shi kwana."

Haka muka fito, ɗan doka na kallonmu, bai tare mu ba.

Damina ta cinye yawancin zanen Sule, sauran ma za su bi. Abin da ya rage masa shi ne tsoho mai rabin gani wanda ya ƙi karɓar girma shi kaɗai. Ni ma ga nawa a jarida, a karanta har gaban Baturen: Sule na Zakka gwani ne. Allah ya jiƙansa.