Shekarar da ta rage a allon Yaya Yusha'u

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, 3 ga Safar 1447, ana gama sallar Azahar aka bugo mini daga lambun da kake aiki a Hada, kan hanyar Ɗa'ifa, wai ka faɗi tsakanin kunyoyi, ko asibiti ba a kai ba. Na ce ƙarya ne. Da safen ranar fa ka biyo gidana a unguwar Rusaifa, nan Makka, ka sha shayi a tsaye, kana yi mini faɗa na cika wa tukunyar fure ruwa. Har yanzu zuciyata ta ƙi yarda, Yaya.

Kowa ya san ka da sausan, furen nan mai saiwa kamar citta, wanda zafin Makka ba ya ragawa. Kowane iri da ɗan allonsa: suna, wanda ya haɗa irin, sai shekara. Mun sha tsokanarka cewa furanninka sun fi mu takardu. Kai kuwa sai ka zauna ka yi mana bayani: shekarar da aka yi wa fure rajista daban, shekarar da aka fitar da shi ga jama'a daban, masu sana'ar ba sa haɗa su. Wanda duk ya roƙi saiwa, ko bai san ka ba, da ita yake tafiya, da allonta.

Iri ɗaya ne naka na kanka, fari mai bakin shuɗi. Ka sa masa Mujahida, sunan mahaifiyarmu, ka yi rajistarsa bara. Gurbin shekara ta biyu ka bar shi fayau. Da na matsa, ka ce, "Saudat, ba a rubutawa sai ya shiga hannun mutane. Bari saiwar ta yi ƙwari, bana zan raba."

An sallace ka a Harami, aka kai ka maƙabartar Shara'i, inda kabari ba suna, ba shekara. Jiya, ranar ƙarshe ta zaman makoki, ni da matarka Rabi'atu muka yanyanka saiwar Mujahida da aka sauko da ita daga lambun, muka ba duk wanda ya zo gaisuwa. Na ɗauko allon na cike gurbin: 1447. Ban taɓa zaton lambar da za mu riƙa tuna rasuwarka da ita ce ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Rabi'atu da 'ya'yanka Nawaf da Hanan, Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda ya karɓi saiwa, kada ya cika mata ruwa.