Gyaran da Aka Hana Kawu Mayarwa

Bayan hannu yake fara ɗorawa. Kullum da safe, kafin ya ajiye jaka, Kawu yakan bi sabar ɗin nan goma sha biyu, manyan kwamfutocin kamfaninsu, ɗaya bayan ɗaya yana jin ɗuminsu, yadda uwa ke taɓa goshin 'ya'yanta. Shekara goma sha bakwai ke nan. A wannan ɗaki mai sanyi da gurnanin fanka ya yi furfura, har kamfanin ya manta sunansa, kowa sai Kawu.

Manhajar da ke tuƙa injunan buɗaɗɗiya ce, dubban hannaye suka gina ta, kowa ya ɗiba kyauta. Ɗabi'ar masu ita guda ce, kuma a ƙirji Kawu yake riƙe da ita: in ka tarar da yaga ka ɗinke, ka mayar wa jama'a ɗinkin.

Bana yagar ta zo kansa. Injuna suka riƙa haɗiye fayilolin mutane, ko gyatsa babu. Ya kai kuka dandalin masu manhajar a intanet. Wata mata a wata ƙasa, wadda bai taɓa ganin fuskarta ba, ta yi mako uku tana bin sawun matsalar tare da shi. Ita ta gano ramin, shi ya cike. Layi arba'in kacal ya rubuta a manhajar. Ya yi mata alkawari ran Litinin zai tura gyaran, kowa ya huta.

Yau ce Litinin ɗin. Bai gama zagayensa ba aka ce Manaja na kira.

Manajan sa'an ɗansa ne, wata biyar da zuwa. Ya turo masa takarda da biro.

"Kawu, sa hannu nan. Gyaran nan sirrin kamfani ne, ba ya fita."

"Sirrin wa?"

"A kan kujerarmu ka rubuta shi. Abokan gasarmu na fama da wannan ciwon, mu mun warke. Sai mu kai musu magani har gida?"

Kawu ya tuna asibitoci da makarantun da ya gani a dandalin, suna cigiyar fayilolinsu.

"Ɗana, shekara goma sha bakwai muna sha a rijiyar nan. Ko guga ba mu taɓa saya mata ba. Rijiya ta bayar, yau mu ne za mu hana?"

"Ban da wa'azi, Kawu."

"Matar da ta yi mana mako uku fa? Ita ma kujerarka ta zauna?"

"Wa ya aike ta?" Manaja ya yi 'yar dariya. "In takardar ta yi maka nauyi, akwai wata. Ta sallama. Kuma ka san a shekarunka ba a rububin mutum."

Ya sani. Ya san autarsa ba ta gama makaranta ba, ya san gwiwarsa ba ta son hawa benen neman aiki. Ya ɗauki biron. Ya karanta takardar har ƙasa, ya ga inda aka rubuta cewa shi kaɗai ya gano matsalar.

"Har ƙarya za ka sa ni in yi wa baiwar Allah?"

"Kalma ce kawai."

"Da kalma na yi mata alkawari."

Ya mayar wa biron murfinsa, ya kwantar da shi a kan takardar.

"Ƙarfe goma zan tura. Kana da minti ashirin ka bugo takarda ta biyun. Ka tambayi ofishin ma'aikata sunana, kada ka rubuta Kawu."

Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara, ya fita.