Hijabin da ke cikin jakar Zinatu

Wata rana, ranar Laraba, aka aiko wa Tasalla mai daddawa daga makaranta. Wai 'yarta Zinatu ta caka wa wata yarinya ƙarfen kamfas na lissafi a hannu, har ɗinki huɗu. Za a kore ta.

Tasalla wata takwas ke nan da rasa miji. Masu ƙwacen waya suka soke shi a bakin titi, Zinatu na tsaye a gefensa. Ranar sadakar uku ta ce wa Zinatu, an yi haƙuri, kar ta ƙara jin zancen a gidan nan.

Ta rufe daddawarta, ta tsinko wayar wuta.

A tsakiyar makaranta ta same ta. Ba tambaya. Ta zuba mata a baya, a wuya, a ƙafa, har fata ta fashe, farar riga ta ɓaci.

 Zinatu dai ta ƙanƙame jakarta.

Sai wata 'yar siririyar malama ta riƙe wayar. Malama Rumasa'u, wadda aka ajiye don sauraron damuwar yara.

"Mama, kin san abin da ke cikin jakar nan?"

"Sakar min hannu, 'yar nan. Ke kika haifa min ita?"

"Hijabin da ta danne wa babanta wuya da shi ne. Ba ta wanke ba. Shi waccan yarinyar da ta caka wa ƙarfe ta zaro a aji, tana dariya wai tsumma."

Tasalla ta buɗe jakar. Jinin ya bushe ya yi baƙi, kamar busasshiyar fata.

Wata takwas suna kwana tabarma ɗaya, ba ta sani ba.

Ta zauna daɓas a ƙasa.

Malama ta je ta roƙi shugaba, aka mayar da korar hutun sati biyu, da sharaɗin uwa da 'ya su riƙa zuwa ofishin malamar sau biyu a sati. Tasalla ta ce sau ɗaya, ita ba ta barin kasuwa don kowa.

Ranar Talata Tasalla ta je. Alhamis ma aka gan ta a kan benci tun kafin a buɗe ofis.

Darasi: Yaron da ya yi shiru ba warkewa ya yi ba. Ni ban yi boko ba, amma na san kowace makaranta tana bukatar mai zama ta ji cikin yara kafin a ɗauki bulala.

Ku tura wa iyaye da malamai, kar ya tsaya a wayarku.