Sifilin Da Na Rubuta A Kan Gidajen Mutane

Edita, gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko maka, yau dai na ce bari in sauke nawa, ko na sami sauƙi.

A zamanin shugaban ƙasarmu na farko ni saurayi ne a Garwa, ɗan mahauci, mai satifika ta lekol, wato makarantar boko, da rubutu mai kyau, ga ji da kai fiye da kima. Babana ya so in riƙe wuƙa, ni kuwa na ga alƙalami ya fi dacewa da hannuna. Na sami aiki a wani biro, wato ofis, na masu bincike ina zana taswira, aka ba ni babur na aiki, na ɗinka farin wando. In na ratsa ta mahauta sai in toshe hanci, kamar ba da kuɗin naman aka yi mini karatun ba.

Maigidana wani Nasara ne, masanin ƙasa, wanda duk abin da ka gaya masa sai ya mayar da shi lamba. A lokacin gwamnati na neman inda za ta killace wurin kiwo domin shanun fatake, wuri mai kusa da ruwa da hanya, wanda kuma ba za a tashi kowa ba. Sai ya raba yankin da ke gabas da Pitowa gida-gida a kan takarda, kamar gidajen dara. Kowane gida a rubuta masa yawan mutane da nisan ruwa da nisan hanya, a huda katuna a aika Yawunde, injin lissafi ya zaɓo wurin da ya fi dacewa. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama sun tsufa, saboda haka akwai gidaje huɗu a bakin wani mayo, wato rafi, da bai tabbatar da su ba, ya bar su fari, ya kewaye su da fensir. Ya sha gaya mini cewa fari daban, sifili daban: sifili na nufin an je an duba babu kowa, fari kuwa na nufin ba a sani ba. A raina na ce wannan ai sanabe ne irin na masu ilimi, babu ai babu ce.

Ni ya aika in dubo wurin, a ƙarshen damina, dawa ta fi mutum tsawo. Na tsaya a kan hanya na duba gabas na duba yamma. Ni ɗan birni ne, gari a wurina shi ne gidaje a haɗe, da masallaci, da zauren mai gari, ban kuwa ga ko ɗaya ba. Na wuce wurin jauro, mai garin ƙauyen da ke kusa, ya ba ni kindirmo, ya ce dajin nasa ne, wasu baƙi ne kawai ke ɗan taɓa noma, ba su isa a sa su a takarda ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, a hanyar dawowa na ga wata 'yar siririyar hanya ta shiga cikin dawa, na hangi hayaƙi, na ji kukan akuya. Na dubi laka, na dubi wandona da takalmina, na zauna a kan babur na rubuta sifili huɗu. Da na koma, sau uku Nasara yana tambayata ko na shiga da ƙafata, sau uku ina cewa na shiga, har da ɓata rai wai bai yarda da ni ba. Ya goge fensirinsa, ni kuma na bi da tawada.

Bayan wasu watanni sai ga wani dattijo a ƙofar biro. Kirista ne, mutumin dutse, ya daɗe yana sayar wa babana awaki, ya san ni tun ina yawo babu wando, kuma ɗana yake kirana. Ya ce jandarmomi sun zo da masu kafa turaku, sun ce su tashi, takarda ta nuna babu kowa a wurin. Ya ce gwamnatin nan ce ta sauko da su daga dutse, suka sare dajin da hannunsu. Su kuma ba sa gina gari, kowane magidanci a tsakiyar gonarsa yake gina gida, nesa da maƙwabcinsa, haka suka gada. Ya roƙe ni in nuna masa takardar. Na shimfiɗa masa ita, ya ɗora yatsa a kan sifilaina yana lissafo gidaje da sunayen masu su, da cocinsu na ciyawa, da inda suka binne matarsa. Sai ya ɗago ya tambaye ni wa aka aika ya dubo. Na buɗe baki na ce masa inji ne ya yi kuskure.

Ran nan na faɗa wa Nasara gaskiya. Fuskarsa ta yi ja, ya zage ni da Faransanci har na daina ganewa, sannan ya zauna ya rubuta wasiƙar gyara. Amma kwanakin aikinsa sun ƙare, ya hau jirgi ya bar ni da kwafin wasiƙa. Na kai wa shef na biro, shugaban ofishinmu, ya ce taswira an buga ta, manya sun sa hannu, ko ina so ne in je in gaya wa gwamna cewa gwamnati ta yi kuskure? Wanda ya rayu a zamanin nan ya san abin da wannan tambaya ke nufi. Na je wurin sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin, akawunsa ya yi ta ce mini in dawo gobe, har mai gadin ƙofa ya fara gaishe ni da sunan mai gobe. Ranar da sufurefe ya saurare ni kuwa, gara ma da bai saurara ba. Ya ce ba za a ba su wani wuri ba, domin wanda ba ya nan ba a tashe shi ba, kuma takarda ta ce ba su nan. Na ce ga mutumin can a tsaye a waje, ya leƙa ya gani. Ya ce shi ba aikinsa ne leƙe ba. Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci. Na koma wurin jauro ko zai ba da shaida, ya ce shi bai ma tuna ya taɓa ganina ba.

An bar su suka yanke dawarsu, sannan aka ja waya aka killace wurin. Wasu suka koma dutse, wasu suka nausa wajen Tcholliré. Dattijon nan ya dawo gefen Garwa wurin ɗiyarsa, mutumin da ke cika rumbu ya koma wankin kayan ciki a mayanka, babana ne ma ya nema masa aikin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk inda ya gan ni sai ya kama hannuna ya nuna wa mutane, yana cewa wannan ɗan nasa shi kaɗai ya tsaya musu, ya yi ta zarya har takalminsa ya cinye. Ya tsine wa injin Yawunde, ya sa mini albarka. Shekaru yana yi, kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, na zama akawun sufurefe da kaina. Ya rasu ban faɗa ba.

Na bar zanen taswira tuntuni, amma ina jin yanzu injinan sun fi na da wayo, ana zaune a ofis a zana ƙasa duka. Ina jan kunnen matasan da ke wannan aiki. Inji ba ya jin kukan akuya, abin da ka ba shi da shi zai yi hukunci, kuma da zarar an sa hannu, wanda ke zaune a wurin ba shi da bakin da zai ƙaryata takarda. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka bar wurin fari ko da za a ce maka rago. In an aike ka dubawa, ka sauka ka shiga da ƙafarka. Wando ana wanke shi. Ni tawa lakar, wanda zai yafe mini ita yana ƙasa, kuma ya tafi yana yi mini godiya.