Ramin da Malam Sanda Ya Toshe a Jiratawa

Sabon Gari, Maraɗi, ƙarfe biyar da rabi

Ranar Alhamis muka fito, gari bai gama wayewa ba. Autata Ramatu ita ke kula da na'urorin wata ƙungiyar manoma mai biro uku, wato ofis-ofis: Maraɗi, Tibiri da Jiratawa. Kwana tara rezonsu, wai hanyar da na'urorin ke aika wa juna saƙo, yana zuwa yana ɗaukewa, ba a iya aika komai. Darakta ya ce mata in Juma'a ta yi ba ta gyara ba, zai kira wani daga Yamai, ita kuma ta huta a gida. Ni ban yi boko ba, ban san rezo ba, amma na san yarinyar da ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Na ce tare za mu. Ta ce Inna me za ki yi can? Na ce zan zauna.

Kabu-kabu biyu muka tare, dala ɗari kowanne. Nawa ya fara gudu, na dafa kafaɗarsa na ce ba shanu ya ɗauko ba.

Tibiri, bakwai saura kwata

Kilomita goma sha biyu ne. Jandarma ya duba katinmu a hanya, ya leƙa jakar Ramatu, ya ga wayoyi, ya ce mu wuce. Na saya mata koko da ƙosai na dala talatin, na tsaya a kanta har ta cinye.

Mai biron Tibiri ya tarbe ni da mutunci, ita kuwa ya ce mata dama aikin nan ya fi ƙarfin mace. Na kalle shi har ya tashi ya kawo mini kujera. Awa uku Ramatu tana canza waya tana danne-danne. Daga ƙarshe ta ce matsalar ba nan take ba. Wai kowace na'ura tana da lambarta, to akwai guda biyu da ke amsa lamba ɗaya, saƙo ya rasa wajen wa zai je. Kuma daga Jiratawa suke amsawa.

Jiratawa, sha biyu da minti ashirin

Sai da muka koma Maraɗi, sannan muka hau adaidaita zuwa kudu, mu shida da buhun taki. Gonakin rani kore shar, zogale ko'ina. Matar mai gadi ta kawo kwaɗon zogale, ya ji ƙuli.

Babbar na'urar tana cikin wani kabad na ƙarfe a ɗaki mai ƙunci. Ita Ramatu ta zarga, don haka ta kashe ta gaba ɗaya, ƙugin ya tsaya. Ta duba: har yanzu biyu na amsawa. Ta kashe sauran na'urorin ɗaya bayan ɗaya, bai canza ba. Wajen ƙarfe biyu ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

Azahar ta yi, ba wurin shimfiɗa sai bayan kabad ɗin. Da na sallame, idona ya faɗa kan wata 'yar fitila koriya, kamar ƙwayar gero, tana ƙiftawa a gindin wata shuɗiyar waya.

"Auta, kin ce kin kashe abin nan?"

"Na kashe, Inna."

"To wannan bai ji ba."

Ta rarrafo, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi mini bayani: akwai wata ƙaramar na'ura a cikin babbar, an yi ta don mutum daga nesa ya iya kunnawa da kashewa, ba ta barci muddin akwai kuran, wato wutar lantarki. Ba su taɓa amfani da ita ba, ramin da ake sa mata waya a buɗe Ramatu ta bar shi. Lambar da ta zo da ita daga kamfani kuwa ita ce ta akwatin da ke haɗa biro ukun.

Na ce a kira mai gadi. Malam Sanda dattijo ne, tsaran mijina. Bai yi musu ba. Ya ce makon jiya yana shara ya ga zanzaro yana shawagi a bakin ramin da laka, ya san in ya gina ciki an yi asara. Ya ga shuɗiyar wayar nan ta rezo tana reto kusa, bakinta daidai da ramin, sai ya toshe da ita. Haka yake yi wa famfon gonarsa da tsumma.

Ramatu ta zare wayar, ta liƙe ramin da salatif. Ba a yi minti biyu ba Tibiri ta kira, rezo ya dawo. Na hana mu tashi sai da muka ba shi awa ɗaya cur, bai ɗauke ba.

Maraɗi, biyar da kwata

Darakta yana biro. Ya saurari Ramatu, ya ce Litinin ta zo aiki kamar kullum, sannan ya tambayi wa ya sa wayar, don a sallame shi. Ramatu ta kalle ni. Na ce masa mutumin nan kayanku ya tsare da abin da ya sani, wanda bai gaya masa ba shi ne da laifi, kuma ɗiyata na ciki, kai ma kana ciki. Ya ce to Hajiya.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa matar Malam Sanda. Ramatu ta ci tuwo malmala biyu, ta yi barci da takalmi a ƙafa. Ni na cire mata.