Sallamar da Ke Makara a Hanya

Mahaifina yana da doka ɗaya game da waya: idan ya ɗauka, ba ya cewa uffan sai mai kira ya yi sallama. A ganinsa wanda ya kira shi ne ya zo ƙofar gida, kuma ba a taɓa jin mai gida ya yi wa baƙo sallama ba. Mu 'ya'yansa mun san haka, muna bi.

A ƙauyenmu Dingaya layin kamfani ɗaya ne ke kamawa, shi ma sai ka matsa wajen rumbu. Ƙaninsa kuwa, Baffa, da ke koyarwa a wata Islamiyya a Birnin Kudu, layin wani kamfanin yake riƙe da shi tun da ya fara waya. Tsakanin layukan biyu akwai ɗan jinkiri. Ka yi magana, sai ta tsaya a hanya kamar ta biya gaisuwa, sannan ta isa.

Baffa zai kira. Baba ya ɗauka ya yi shiru. Baffa yana can yana jira ya tabbatar an ɗauka. Baba, da haƙuri bai taɓa yi masa yawa ba, sai ya ce, "To?" Daidai nan sallamar Baffa za ta iso ta hau kan maganarsa. Ya fara amsawa, "ina kwana" ta iso ta katse shi. Ya fara ba da labarin gero, tambayar lafiyar iyali ta faɗo a tsakiya. Gaisuwarmu kuma ba gajera ba ce, don haka kafin a kai ga "ya gajiya" an yi karo ya fi a ƙirga.

"Tun da ya koma birni ya koyi katse wa manya magana," in ji Baba. Baffa ya haura shekara sittin, gemunsa fari fat, kuma birnin da ake faɗa ba ya wuce tafiyar safe. Daga nan Baba ya daina ɗaukar kiransa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakin uwarsu, kuma aka yi damina guda ba su ji muryar juna ba. Abin ya dame ni ƙwarai, ya kuma ba ni haushi.

Na tambayi wani abokin karatuna da ke aikin gyaran turakun sadarwa. Ya ce yanzu ba a ɗaukar murya a dunƙule. Yayyanka ta ake yi ƙanana a tura ta intanet. In kamfanoni biyu sun haɗa layinsu kai tsaye, sai su miƙa wa juna kira nan take. In ba su haɗa ba, sai muryar ta zaga ta hannun wasu, ta yi nisa, kafin ta dawo. Wato muryar Baffa ta je garuruwan da shi Baffa bai taɓa takawa ba.

Ranar kasuwa na ɗauki Baba a babur zuwa Sara, inda layukan biyu ke kamawa. Na ari waya mai irin layin Baffa, na tsaya a gaban Baba na kira shi na yi sallama. Ya ji ta daga bakina, sannan ya sake jin ta a kunnensa. Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Na ji," ya ce. "To me ya sa in ka kira da wayarka sallamarka ba ta makara?"

"Layinmu ɗaya, Baba."

"Ya sayi irin namu mana."

Baffa ya saya. Sai aka tarar a gidansa ko alama layin ba ya nunawa, ga ciwon gwiwa da ke hana shi fita neman sabis. Na fid da rai.

Bayan girbi sai Baba ya kira ni ya ce, ba yabo ba fallasa, "Baffanka ya dawo hankalinsa." Ashe Inna, mahaifiyata, ce ta matsa masa ya ɗauka sau ɗaya, ya ji komai daidai. Na ɗauka kamfanonin ne suka gyara.

Wata Juma'a na biya Birnin Kudu, na tarar da Baffa a zaure zai kira Yayansa. Ya gyara hula, ya danna, ya kara a kunne. Tun wayar tana ringin ya fara: "Salamu alaikum, Yaya. Salamu alaikum, Yaya." Yana ta maimaitawa ga wayar da ba a ɗauka ba, don duk sa'ad da aka ɗauka sallamar tana kan hanya. Da aka fara hira, duk lokacin da Baba ya yi shiru sai ya ja carbi ƙwaya uku kafin ya buɗe baki. Ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo har aka gama gaisuwa. Na so in yi dariya, sai na ji idona ya cika.

Da ya ajiye na ce, "Baffa, ai ba laifinka ba ne. Na nuna masa da idonsa."

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar.

"Na sani," ya ce. "Kada ka gaya masa yadda nake yi. Ba ni da wani da zan kira Yaya in ba shi ba."